Gyaran Jiki Ga Mai Farawa: Yaushe Za A Motsa, Yaushe Za A Ci?



A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya zauna wurin suna ko ɗaurin aure a Nima, ko Aboabo, ko Sabon Zongo, a tashi bai ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi ɓarinsa ya shanye ba, ko kuma wance tana kwance a asibiti ciwon sukari ya taɓa mata ƙafa. Da can muna ɗauka waɗannan cututtuka na tsofaffi ne da masu hannu da shuni. Yanzu kuwa sun gangaro kan direba da tela da mai shago da 'yar kasuwa, mutanen da ba su wuce shekara 40 ba, waɗanda gida kaf yake kallon hannunsu. Idan irin wannan mutum ya kwanta, kuɗin makarantar yara ya kwanta, kuɗin haya ya kwanta.

Wannan ya sa mutane da yawa suka fara tunanin rage teɓa da gyara jiki. To amma akasarinsu sai su fara da zafi: mutum ya sayi takalmin gudu, ya bi 'yan ƙungiyar motsa jiki hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase ranar Asabar, ya dawo ya daina cin abinci sai ruwan zafi da lemon tsami. Kafin Laraba cinyoyi sun sage, yunwa ta ci ƙarfinsa, ya koma gidan jiya har da ƙari. Wannan rubutu domin mai farawa ne, namiji ko mace, wanda ya daɗe bai motsa ba, kuma ba shi da kuɗin zuwa gidan motsa jiki.

Abincin fatake, zaman kanti

Kakanninmu da suka kafa zangunan ƙasar Gana fatake ne. Daga Kano da Katsina da Sakkwato suke tasowa da jakuna, su yi wata da watanni a ƙafa kafin su iso Salaga sayen goron Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawansu suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara da sauran garuruwa. Ita kanta kalmar zango ma'anarta wurin da ayari zai sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba da tafiya.

Tuwo da fura da koko da masa da muka gada daga wurinsu abinci ne na mai tafiya da mai noma, wanda zai ƙona abin da ya ci kafin rana ta faɗi. Mu kuwa mun riƙe malmalar tuwon yadda take, mun ƙara mata lemon kwalba da burodi mai sukari da soyayyar taliya, sa'an nan muka ajiye tafiyar. Daga ƙofar gida sai trotro ko Pragya, daga nan sai kujerar kanti har magariba. Ba mu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata.

Abin da hukumar ta shawarta a 2020 ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2. Minti 150 ɗin nan idan ka raba shi minti 30 ne a kwana 5. Kada a raina shi. A wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, an bi mutane fiye da 3,000 waɗanda sukarin jininsu ya fara hawa. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne da ɗoriya.

Kafin a ɗaura takalmi

Matakin farko shi ne awon jini. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana iya yawo da shi shekaru bai sani ba. Je asibitin unguwa ko kantin magani a auna ka, kuma idan ka haura shekara 40, ko akwai mai ciwon sukari a danginku, a duba sukarin ma. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama da haka sau biyu a ranaku dabam-dabam, ga likita. Mai ciwon zuciya, da mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, da mai juna biyu, su faɗa wa ma'aikacin lafiya niyyarsu kafin su fara.

Sa'an nan a nemi igiya. Ka auna tsawonka da ita daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai, ka yanke, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar ya haɗu, madalla. Idan bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, domin ƙa'idar ita ce kada kewayen ciki ya wuce rabin tsawon mutum. Kitsen da ke kewaye da hanji da hanta shi ne ya fi jawo ciwon sukari da ciwon zuciya, ya fi na cinya da na ɗuwawu haɗari. Ajiye igiyar nan, za ka neme ta nan gaba.

Tafiya ita ce tushe

Mai farawa kada ya fara da gudu. Gwiwar da ta shekara 10 tana ɗauke da nauyi a zaune ba za ta jure dukan kwalta farat ɗaya ba. A fara da tafiyar sauri, irin ta wanda ya ji an tayar da salla yana nesa da masallaci. Ma'auninta mai sauƙi ne: idan kana iya magana da abokin tafiyarka amma ba ka iya rera waƙa, to kana kan daidai. Idan maganar ma ta gagara, sassauta.

A mako na 1 da na 2, yi minti 10 zuwa 15, kwana 5 a mako. A mako na 3 da na 4, kai shi minti 20. A mako na 5 da na 6, minti 30. Minti 5 na farko a tafi a hankali jiki ya ɗumama, na ƙarshe ma haka. Wanda ba shi da rabin awa a dunƙule yana iya yanka ta gida uku, minti 10 da safe, 10 da rana, 10 da yamma, duk lissafi ɗaya ne. Sai bayan wata 2 ne mai sha'awa zai soma sassarfa, minti 1 yana gudu minti 2 yana tafiya. A lokacin ne kuma hawan Aburi zai yi masa daɗi maimakon ya karya shi.

Lungunan unguwanninmu matsattsu ne, ga kwata ga babura, saboda haka a nemi filin makaranta ko filin ƙwallo irin na Kawukudi, ko gefen titi mai faɗi, kana fuskantar motocin da ke zuwa. Wanda ke shiga mota kullum ya riƙa sauka tasha ɗaya kafin tasa ya ƙarasa da ƙafa.

Matan da ba sa son fita titi ba a bar su a baya ba. Kewaya tsakar gida, hawa da sauka a kan dakali ko matakalar bene, tsallen igiya ga wadda gwiwarta ke lafiya, har wasan ampe da yara, duk motsi ne. Maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kai su sa lokaci ɗaya, domin abin da mutum zai yi kasala a kai shi kaɗai, ba zai so a ƙwanƙwasa masa ƙofa a same shi kwance ba.

Kwana biyu na ƙarfafa tsoka

Tsoka ita ce babbar mai shanye sukarin jini, kuma tana raguwa da shekaru idan ba a sa ta aiki. Kwana 2 a mako, misali Talata da Asabar, a yi waɗannan bayan tafiya:

Tashi daga kujera a koma a zauna a hankali ba tare da dafa komai ba, sau 10.

Dafa bango da hannu biyu, ƙafafu a ɗan baya, a kai ƙirji kusa da bango a ture jiki, sau 10. Idan ya yi sauƙi a koma dafa benci, daga baya a sauka ƙasa.

Cika robar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda biyu, a ɗaga su sama da kai a sauke, sau 10. Kowace lita ta ruwa kilo 1 ce, saboda haka ka san nauyin da ke hannunka.

Tsayawa a kan yatsun ƙafa a sauko, ana dafe da bango, sau 15.

A huta minti 1, a sake zagayowa. Bayan mako 3 a mai da shi zagaye 3. Kada a riƙe numfashi lokacin ɗaga nauyi, musamman mai hawan jini. Samarin da ke ɗaga ƙarfen da aka haɗa da siminti da gwangwani a bayan gida su ma su bi sannu, baya ba ya da kayan gyara a Abossey Okai.

Ciwon jiki kwana ɗaya ko biyu bayan an fara ba abin tsoro ba ne, tafiya a hankali tana warware shi. Amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko ɗaukewar numfashi, ko zafi mai suka a gaɓa, waɗannan alamu ne na a tsaya nan take a nemi likita.

Wane lokaci ya fi?

Allah ya yi mana gata a ƙasar nan: rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, rani da damina bambancin kaɗan ne. Ga kuma lokutan salla sun riga sun yanka mana yini. Saboda haka a ɗaura motsa jiki a jikin abin da ba a fasawa. Wanda ya fito sallar asuba ya riga ya ci nasara a kan barci, sai ya zarce da tafiyarsa kafin rana ta yi zafi. Wanda safiyarsa ba tasa ba ce ya ɗauki tsakanin la'asar da magariba. Jiki yana amfana da kowanne, wanda ya fi shi ne wanda za ka iya riƙewa.

A guji tsakar rana, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, balle a Tamale da Wa da Bolga. A lokacin hunturu kuwa, ranar da ƙura ta yi yawa, mai asma ko tari ya yi nasa a cikin gida. A sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Idan fitsari ya yi ja, ruwan bai isa ba.

Lokacin cin abinci

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Dubi yinin mai shago: da safe kofin koko ko ba komai, da rana ya manta da ciki saboda ciniki, sai goro da lemon kwalba. Ƙarfe 9 na dare ya iso gida da yunwar yini guda, ya share tuwo ko banku malmala biyu, ko ya tsaya wurin mai shayi ya sa a soya masa taliya da ƙwai, ya kora da madara mai sukari, ya kwanta. Jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe da rana, da dare kuwa aikin yana yi masa nauyi. Ga shi wanda ya yini da yunwa ba ya iya tsayawa a kan ƙima. Kwanciya da cikakken ciki kuma ita ke kawo ƙwarnafi da barci marar daɗi.

Gyaran shi ne a juya yinin. A karya kumallo da abin da zai riƙe ciki: koko da sukari kaɗan tare da ƙosai ko gyaɗa ko dafaffen ƙwai. Babban abinci, wato waakye ko tuwo ko sakwara, a dawo da shi tsakanin azahar da la'asar. Da dare a ci marar nauyi bayan magariba, a bar awa 2 zuwa 3 tsakaninsa da kwanciya. Uwargida ce mai riƙe da wannan makulli, saboda haka maigida ya zauna da ita a yi shawara, kada ya wayi gari kawai ya ce ya daina cin tuwon dare.

Game da ci kafin motsa jiki, tafiyar rabin awa da asuba ba ta bukatar komai sai ruwa. Wanda yake jin jiri ya ci ayaba ɗaya ko dabino 2 kafin ya fita. Amma mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da sukari kada ya fita da ciki wayam, kuma ya riƙe alawa ko sukari a aljihu, ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafarsa idan ya dawo. Bayan babban abinci a jira awa 2 zuwa 3 kafin gudu ko ɗaga nauyi. Tafiya a hankali ta minti 10 zuwa 15 bayan an ci kuwa alheri ce, tana rage hawan sukari a jini. Takawa zuwa masallaci sallar isha'i bayan abincin dare ta wadatar.

Bayan motsa jiki ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Wake, ƙwai, kifi, tubani, wagashi, nono, gyaɗa, duk suna gina tsoka, kuma cinsu a abinci na gaba ya isa.

Sai dai a sani, lokaci yana taimakawa ne kawai, yawan abin da ya shiga ciki shi ne mai yanke hukunci. Tafiyar sauri ta rabin awa tana ƙona kalori wajen 150 ga mai matsakaicin jiki. Kwalbar lemo ɗaya mai mililita 300 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 8, ta kusa mayar da duk abin da ka ƙona. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Ba banza ba gwamnati ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abin sha mai zaƙi a 2023. Zoɓo da lamurje da burkina na gida ma sukarinsu ba ya da bambanci da na kwalba.

A wurin mai waakye, shinkafa da taliya da garin rogo duk dangi ɗaya ne, a zaɓi ɗaya, a ƙara ganye da ƙwai ko kifi. A gida a rage malmala a ƙara miya: ayoyo, kuka, kuɓewa, alayyafo, kontomire. Gishiri kada ya wuce gram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma da na dunƙulen magi da busasshen kifi mai gishiri da shito duk a cikin lissafin.

Watan azumi

Azumi ba ya hana motsi, lokaci ne kawai yake sauyawa. A yi tafiya marar wahala rabin awa kafin shan ruwa, ko kuma a bari sai bayan asham. A buɗe baki da ruwa da dabino da koko, a yi salla, sa'an nan a ci abinci a natse. Da yawa suna fita daga azumi sun fi da nauyi saboda masa da funkaso da ƙosai da lemo da ake tarawa a tabarma ɗaya. Kada a bar sahur, kuma a sha ruwa a rarrabe tsakanin magariba da asuba. Mai ciwon sukari ya ga likitansa tun watan Sha'aban.

Abubuwan da ake ruɗin mutane da su

Zufa ba kitse ba ce. Wanda ya sa rigar leda ya yi gudu a rana ruwa ya zubar, da ya sha zai dawo, ƙodarsa kuwa ta wahala. Ɗamarar matse ciki tana ɓoye tumbi ne na awa kaɗan. Motsa ciki sau 100 yana ƙarfafa naman ciki, amma kitse daga jiki gaba ɗaya yake narkewa, ba a zaɓar masa wuri. Shayin rage ƙiba da ake talla a mota da rediyo da WhatsApp, da yawansa maganin gudawa ne ko na sa fitsari. Haka nan ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don su yi jiki, da allurar kumbura ƙwanji da tramadol da wasu samari ke sha don kada su gaji, ƙarshensu asibiti.

Wata magana kuma: 'yan dako da kayayei da leburori da masu daka da surfe sun riga sun yi motsin da ya wuce ƙima. Su bukatarsu abinci mai gina jiki a kan lokaci, da ruwa, da hutu.

Yaya za ka san kana ci gaba?

Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne saurin da jiki ke jurewa, wani makon ma ba za ka ga komai ba. Kada ka hau sikeli kullum. Ɗauko igiyarka sau ɗaya a wata. Kafin ita ma ta nuna, za ka ga alamu: hawan bene ba haki, ruku'u da sujada ba nishi, barci ya yi daɗi, awon jini ya fara sauka. Barcin kansa a ba shi haƙƙinsa, awa 7 ko fiye, domin mai raba dare wurin ataya yana wayar gari da kwaɗayin zaƙi da kasalar fita.

Ranar da biki ko rashin lafiya ko ruwan sama ya hana ka, kada ka ce shi ke nan an ɓata. Washegari ka ɗora daga inda ka tsaya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Gobe bayan asuba minti 10 kawai ake nema a wurinka, da kuma tuwon dare ya dawo kusa da magariba.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.